Kowa Da Aikinsa: Abin Da Ke Riƙe Matasa A Gem Ɗin Harbi Na Jarumai

A ranar 23 ga Agustan 2024 kamfanin Sony ya fitar da wani gem mai suna Concord, ya sa masa farashin dala 40. An shafe shekaru ana gina shi. Ranar 6 ga Satumba, wato bayan mako biyu cif, aka kashe shi, aka mayar wa waɗanda suka saya kuɗinsu. Kafin watan Oktoba ya ƙare an rufe Firewalk Studios, kamfanin da ya ƙera shi. A daidai wannan lokacin kuma, Team Fortress 2 da ya fito tun 2007 yana nan ana buga shi. A Yulin 2023 ma ya kafa sabon tarihi, inda dandalin Steam ya nuna sama da 'yan wasa 250,000 a kansa a lokaci guda.

Waɗannan gem guda biyu dangi ɗaya ne. Duka biyun na harbi ne, ana buga su tawaga da tawaga, kuma kowane ɗan wasa yana zaɓar jarumi mai baiwa ta musamman. Ɗaya ya yi kwana 14, ɗayan ya haura shekara 17. Tambayar ta shafi matashin da ke zaune a Achika ta ƙaramar hukumar Wudil, ko da bai taɓa ganin ɗaya daga cikinsu ba, domin gem ɗin da ke cikin wayarsa a nan ya aro tsarinsa. Wannan tsarin ne ke cin datarsa da cajinsa, wani lokaci har da kuɗin aljihunsa.

Mene ne gem ɗin jarumai?

A tsofaffin gem ɗin harbi kowa iri ɗaya ne. Bambancin kawai bindigar da ka tsinta da saurin hannunka. Wanda ya fi iya saiti shi ne sarki, sauran kuma abin harbi ne.

Team Fortress 2 na kamfanin Valve ya raba 'yan wasa aji tara. Akwai Heavy, ƙato mai babbar bindiga da jinkirin tafiya. Akwai Medic mai warkar da abokai, da Engineer mai kafa bindiga mai sarrafa kanta, da Spy mai shiga cikin abokan gaba da kamanninsu. Kowanne yana da abin da ya fi kowa iyawa, yana kuma da raunin da sai wani ya rufe masa.

Kamfanin Blizzard ne ya mayar da wannan tsari gagarau, lokacin da ya fitar da Overwatch a ranar 24 ga Mayun 2016 da jarumai 21, mutum shida da shida. A shekarar ya lashe kambun gem ɗin shekara a bikin The Game Awards. Daga baya aka daidaita ayyukan zuwa kashi uku: garkuwa, wanda ke shiga gaba ya shanye harsashi, maharbi, wanda ke kashewa, sai mai agaji, wanda ke warkarwa da ƙara wa abokai ƙarfi. Apex Legends ya biyo baya a Fabrairun 2019, Valorant a Yunin 2020, sai Marvel Rivals na kamfanin NetEase a ranar 6 ga Disambar 2024, wanda ya tara mutum miliyan 10 cikin kwana uku.

Yadda ya iso cikin waya

An gina waɗancan manyan gem ne don kwamfuta da na'urori irin su PlayStation da Xbox. A gari kamar Achika, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Wudil, na'urar wasa ita ce wayar hannu, galibi Tecno ko Infinix ko Itel, sabuwa ko ta hannu da aka sayo a kasuwar Farm Centre ta Kano. Garin Wudil kansa, mai nisan kimanin kilomita 40 daga Kano, yana da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da kuma makarantar horar da jami'an 'yan sanda. Inda ɗalibai daga jihohi daban-daban suka taru, sabon gem ba ya daɗewa bai zaga ba, a tura wa juna ta Xender, daga nan ya bi 'yan gari zuwa ƙauyukan kewaye.

Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017, asalinsa gem ne na a jefa mutum 50 a tsibiri a ga wanda zai saura. Amma kowane mutum da ka zaɓa a cikinsa yana da tasa baiwar. Kelly ta fi gudu. Alok, wanda aka ɗauko daga wani mai haɗa kiɗa ɗan Brazil a 2019, yana buɗe da'irar da ke ƙara wa abokai lafiya da sauri. Chrono, da aka yi da siffar Cristiano Ronaldo a Disambar 2020, yana kafa rumfar kariya. Idan aka shiga ɓangaren Clash Squad, mutum huɗu da huɗu, zagaye bayan zagaye, to an dawo tsarin jarumai sak.

Haka abin yake a Call of Duty: Mobile, da ya fito ranar 1 ga Oktoban 2019 aka sauke shi sau miliyan 100 a makon farko. A babban filinsa mutum na zaɓar aji: Medic ya kafa wurin jinya, Defender ya kafa garkuwa, Scout ya tona inda abokan gaba suka ɓuya. Brawl Stars na Supercell ya taƙaita abin zuwa uku da uku cikin 'yan mintuna. Blood Strike na NetEase, da ya fito a 2024, an tsara shi ne yadda wayoyi marasa ƙarfi za su iya ɗauka.

Wanda ya yi langa ya san wannan wasa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya yi langa a dandali, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ana rabuwa gida biyu, kowa ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar. A ware mutum ɗaya a matsayin ruwa, wanda ake so ya kai wurin sha ba a kayar da shi ba. Ƙarfafa su shiga gaba suna ture abokan hamayya, wasu su tsaya a jikinsa suna kare shi. Ba lallai ruwa ya fi kowa ƙarfi ba, kuma ƙaton da ya kayar da mutum uku bai ci komai ba idan aka kayar da ruwansu a bayansa.

A Overwatch da Team Fortress 2 akwai wani salon wasa mai kama da haka. Tawaga ɗaya na raka wata mota zuwa inda aka ƙayyade, motar kuma ba ta motsi sai 'yan tawagar na kusa da ita, ta tsaya cik da zarar abokin gaba ya tsaya a jikinta. Mutum zai iya kashe fiye da kowa amma a ci su, saboda ya tafi farauta ya bar motar.

A nan daɗin abin yake. A majalisar samari huɗu da wuya a ce duk hannunsu ɗaya. Akwai gwanin harbin kai, akwai wanda bai daɗe da farawa ba, akwai mai natsuwa da ke lura da taswira. A gem ɗin da saiti kaɗai ke magana, sabon shiga zai sha kisa na mako guda ya goge manhajar. A gem ɗin jarumai sai a ce masa ya ɗauki Alok, ya tsaya kusa, ya danna baiwarsa idan an ji ciwo. A daren farko ya ceci wani, an kira sunansa an yaba. Gobe idan bai hau ba, tawaga ta gurgunce, sai a neme shi a waya. Mutum yana iya gajiya da taswira ko bindiga, amma yana da wuya ya ƙi amsa kiran abokai uku da ke jiransa.

Ƙaramar waya da jinkirin sadarwa

Akwai wani dalili na fasaha da ya sa wannan tsari ya dace da wuri kamar Achika. Kowane ɗan gem ya san lambar nan mai "ms" a gefenta da ke saman sikirin, wadda ke komawa ja idan netwok ya yi rauni. Lambar na auna lokacin da saƙo ke ɗauka daga wayarka zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke haɗa 'yan wasa, ya dawo.

Haske a cikin wayar fiba yana cin kimanin kilomita 200 a kowace milisakan ɗaya. A ɗauka uwar garken tana Turai. Daga yankin Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Wayar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal tana da tsawon kilomita 7,000. Zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, wato milisakan 80, tun ba a lissafa tafiya daga Fotugal zuwa inda uwar garken take ba, balle jinkirin turken sabis da cunkoson dare. A gem mai nuna hoto 60 a sakan ɗaya, milisakan 80 kusan hoto biyar ne. Idan aka haɗa ganin abin da ya faru da isar martani, wanda ke zaune kusa da uwar garken ya riga ka da kusan hoto biyar. Waɗannan wayoyi na teku ba labari ba ne kawai: a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da huɗu daga cikinsu suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, intanet ya yi rauni a Najeriya na kwanaki.

Idan aka yi gaba da gaba tsakanin maharba biyu masu ƙwarewa ɗaya, mai ƙaramar lamba ne zai yi nasara a mafi yawan lokuta. Haka mai wayar da ke da RAM 8 zai fi mai RAM 3 da wayarsa ke zafi tana tsinkewa. Amma kafa rumfar kariya a ƙofa, ko buɗe da'irar jinya, ko faɗa wa abokai cewa ana zagayowa ta hagu, duk ba sa buƙatar saitin da milisakan 80 zai ɓata. Suna buƙatar sanin lokaci da wuri. Saboda haka mai ƙaramar waya da raunin netwok yana da gurbin da zai yi fice, abin da gem ɗin harbi zalla ba ya ba shi.

Yadda kamfanoni ke hana gem tsufa

Abota kaɗai ba ta isa ba, sai kamfani ya ci gaba da motsa tukunyar. Hanya ta farko ita ce sabon jarumi. Idan aka ƙara bindiga ɗaya, an ƙara bindiga ɗaya ke nan. Idan aka ƙara jarumi, to dangantakarsa da duk sauran ta zama sabon abin koyo: wa yake karewa, wa ke karya shi, da wa ya fi dacewa. A Free Fire ma ana haɗa baiwa huɗu a jikin mutum ɗaya, ɗaya wadda ake dannawa da uku masu aiki da kansu, don haka sabuwar baiwa guda na iya sauya haɗin da kowa ya saba.

Hanya ta biyu ita ce daidaita ƙarfi. Da Chrono ya fito ya yi ƙarfi har kusan kowa shi yake ɗauka, sai Garena ta rage masa ƙarfi fiye da sau ɗaya a 2021. A Overwatch, tsakanin 2018 da 2019, wani haɗi da ake kira GOATS, mai garkuwa uku da masu agaji uku babu maharbi ko ɗaya, ya mamaye gasar ƙwararru har masu kallo suka gundura. Blizzard ta warware matsalar a 2019 da dokar cewa dole kowace tawaga ta zama biyu-biyu-biyu. Duk gem ɗin da ya bari haɗi ɗaya ya fi kowane, ya koma kowa iri ɗaya, wato ya rasa abin da ya sa ake son sa.

Hanya ta uku ita ce mutum ya ga kansa a cikin jarumin. Overwatch na da taswirar Numbani, birnin da aka ƙirƙira a Yammacin Afirka, da mutum-mutumi mai suna Orisa wanda a labarin wata yarinya 'yar shekara 11, Efi Oladele, ta ƙera. A Yulin 2017 aka ƙara Doomfist, sunansa na ainihi Akande Ogundimu, ɗan Najeriya, kuma tarihin da Blizzard ta rubuta masa ya ambaci dambe cikin salon faɗan da ya koya. Duk wanda ya taɓa kallon ɗan dambe da hannu ɗaya a naɗe zai gane ƙaton hannun damansa. Valorant kuma na da Astra, 'yar Ghana. Mutum yakan riƙe jarumi ɗaya shekara da shekaru har a san shi da shi, kamar yadda ake sanin ɗan ƙwallon unguwa da lambarsa.

To me ke kashe wasu?

Abin da ke raya irin wannan gem shi ne ke kashe shi. Ba a buga shi sai da mutane. Idan 'yan wasa sun yi yawa, cikin daƙiƙu ake haɗa ka da sa'o'inka. Idan sun ragu, jira ya yi tsawo, a haɗa sabon shiga da ƙwararre, sabon ya gudu, jiran ya ƙara tsawo. Concord ya nemi dala 40 a kasuwar da abokan takararsa kyauta ne, kuma a Steam ko mutum 700 bai taɓa tarawa a lokaci guda ba. Don ka shiga sai ka shawo kan abokanka su ma su biya, su bar jaruman da suka saba da su. Battleborn, wanda ya riga Overwatch fitowa da mako uku a 2016, haka ya yi ta fama har aka kashe shi a Janairun 2021. Team Fortress 2 kuwa ya koma kyauta tun 2011, kuma da asusun bogi masu harbi da kansu suka addabe shi, 'yan wasan ne suka yi gangami a 2022 da 2024 har Valve ta ɗauki mataki.

Kyau ma ba ya hana mutuwa. Apex Legends Mobile ya fito ranar 17 ga Mayun 2022, Apple da Google duk suka zaɓe shi gem ɗin shekara a shagunansu. Ranar 1 ga Mayun 2023 kamfanin EA ya rufe shi, bai cika shekara ba, kuma ba a mayar da kuɗin da mutane suka kashe a ciki ba. Hatta waɗanda suka sayi Overwatch na farko da kuɗinsu sun rasa shi a Oktoban 2022, lokacin da aka maye gurbinsa da Overwatch 2 mai mutum biyar da biyar.

Abin da matashi ke biya

Gem ɗin kyauta ne wajen saukewa, amma ana biya ta wasu hanyoyi. Wasan kansa ba ya cin data sosai, sabuntawa da sauke taswirori ne ke cinye ta, kuma tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, kowace sabuntawa ta ƙara tsada. Ga kuɗin mai caji idan babu wuta, ga batirin da zafi ke tsufarwa, musamman ga mai wasa waya na jikin caja.

Sai lokaci. Ba a dakatar da irin wannan gem, kuma wanda ya fita a tsakiyar wasan neman matsayi ana rage masa maki, ga haushin abokai. Wannan igiyar da ke sa mutum ya ji ana buƙatarsa ita ce ke sa ya ce "saura zagaye ɗaya" alhali an kira sallah, ko an aike shi, ko jarrabawa na tafe. Tawagar da ta tsayar da lokacinta, misali bayan isha'i zuwa ƙarfe goma, ta fi daɗewa tare, domin babu wanda za a ƙwace wa waya a gida.

Sai kuɗi. Tufafin jarumi da fentin bindiga da ake saya da daimon ba mallakarka ba ne. Suna zaune ne a uwar garken kamfani, ranar da aka kashe ta sun tafi, kamar yadda masu Apex Legends Mobile suka gani. Kafin mutum ya tura kuɗi, yana da kyau ya duba abu uku. Shin ana samun wasa cikin sauri a lokacin da yake hawa? Shin kamfanin na fitar da sabuntawa a kai a kai? Shin zai iya yafe kuɗin idan aka rufe gem ɗin badi?

A ƙarshe akwai 'yan damfara. Duk shafin da ya yi alkawarin daimon kyauta ya nemi lambar sirrin Facebook ko Google, asusun yake so ya sace. Manhajojin da aka yi wa kutse don harbin kai ko gani ta bango na jawo a rufe asusu, wasu kuma na ɗauke da ƙwayar cutar da ke leƙen saƙonnin banki. Fayil ɗin da ake yawo da shi a WhatsApp da sunan wani babban gem na kwamfuta da aka ce ya dawo waya, a fara neman sunan a Play Store a duba kamfanin da ya ɗora shi kafin a taɓa. A kuma ɗaure asusun gem da imel ɗin da mutum ke riƙe da lambar sirrinsa shi kaɗai, a kunna tantancewa mai mataki biyu.

Ga samari huɗu da ke shirin fara tawaga a Achika, ko Darki, ko Utai, shawarar mai sauƙi ce. Su zaɓi gem ɗin da wayar mafi rauni a cikinsu za ta iya ɗauka, su rage ingancin hoto don ta daina tsinkewa. Mai lambar "ms" mafi ƙanƙanta ya shiga gaba, mai raunin netwok ya riƙe jinya da kariya, a samu mutum ɗaya mai ba da umarni don kada kowa ya yi ta ihu lokaci guda. Su buɗe zauren WhatsApp nasu na kansu, wanda bai dogara da jerin abokai na cikin gem ba. Idan wata rana aka rufe Free Fire ko Blood Strike, a zauren za su yanke gem na gaba, kuma kowa zai shiga ya riga ya san aikinsa.